Lichess a wasan da Gukesh ya karɓi kambin duniya: abin da dandalin ke nunawa da abin da yake rufewa

Mai son bibiyar wasannin manyan gwanayen darar Turawa, wato chess, daga gida ba ya rasa wurin kallo a yau, domin kusan kowace babbar gasa tana da shafinta, ga kuma tashoshin YouTube da Twitch masu kawo sharhi kai tsaye. Sai dai kallo daban, fahimta daban, kuma abin da ya kamata a auna dandali da shi shi ne ko ya taimaki mai kallo ya gane dalilin da ya sa aka ci wasa, ko kuwa ya tsaya ga faɗa masa wanda ya ci kawai. Da wannan ma'auni na duba sashen watsa wasanni na Lichess, kuma na zaɓi in gwada shi a kan wasa guda wanda duniya ta riga ta san ƙarshensa, wato wasa na 14 na gasar kambin duniya tsakanin Ding Liren na ƙasar Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya, wanda aka buga a Singafo ranar 12 ga Disamba, 2024.

Lichess dandali ne da wani Bafaranshe masanin rubuta manhaja, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010, kuma har yau ƙungiya ce da ba ta neman riba take tafiyar da shi da gudummawar masu amfani da shi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a saka talla, kuma babu wani sashe da aka kulle aka ce sai mai kuɗi. Wanda ya ba da gudummawa alamar fukafukai kawai yake samu kusa da sunansa, ba ya samun wani kayan aiki da ya fi na wanda bai ba da ko kwabo ba. Ba ma sai mutum ya yi rajista ba kafin ya buɗe shafin gasa ya ga allo. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da aka rufe shafin chess24 a ƙarshen Janairun 2024, bayan Chess.com ya sayi kamfanin da ya mallake shi a 2022, domin mutane da yawa da suka saba bibiyar gasa a can sun nemi wani wurin zama.

Yadda sashen yake aiki ba shi da wuyar bayani. A manyan gasa ana amfani da alluna masu na'ura a ciki, waɗanda suke gane gidan da aka ajiye kowane ɗa, su aika wa kwamfuta, ita kuma ta tura wa shafukan da ke watsawa. Lichess yana ɗauko wannan ya nuna shi a kan allo tare da agogon kowane ɗan wasa. Abin da ke zuwa wa mai kallo rubutu ne ƙanƙane, ba hoton bidiyo ba, saboda haka wasan da ya ɗauki awa biyar ba ya cin data kamar yadda bidiyo mai tsawon haka zai ci, kuma ko intanet ba ta da ƙarfi sosai takun yana isowa. Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake wasannin Singafo suna farawa ne da ƙarfe 5 na yamma agogon can, wanda ya yi daidai da ƙarfe 10 na safe a nan, lokacin da yawancin mutane suke wurin aiki ko kasuwa, ba su da halin zama su zura wa bidiyo ido, amma suna iya leƙa waya jefi-jefi su ga inda aka kwana.

Kafin a shiga wasan kansa, ya kamata a tuna halin da aka iso shi. Ding ya ci kambin ne a Astana a watan Afrilun 2023 bayan ya doke Ian Nepomniachtchi, Gukesh kuma ya samu damar ƙalubalantarsa da cin gasar 'yan takara a Toronto a Afrilun 2024. A Singafo Ding ya ci wasan farko yana riƙe da baƙaƙen 'ya'ya, Gukesh ya rama a na uku, aka jera canjaras bakwai daga na huɗu zuwa na goma, Gukesh ya ci na 11, Ding ya rama a na 12, na 13 kuma ya tashi babu wanda ya yi galaba. Aka zo wasan ƙarshe kowa yana da maki shida da rabi. Da an sake yin canjaras, da washegari za a raba gardama da wasannin sauri, inda masana da yawa suke ganin Ding, mai shekara 32, zai fi yaron mai shekara 18 dama. Wannan ne ya sa tun kafin a taɓa ɗa ko guda aka san cewa canjaras ba asara ba ce ga Ding, kuma duk wanda ya karanta wasan ba tare da wannan a ransa ba, zai ga taku da yawa waɗanda ba zai gane hikimarsu ba. Allon Lichess ba ya faɗa maka wannan, sai ka zo da shi daga waje.

Ding ne yake da farare. Ya fara da fito da doki zuwa f3 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa, harafin yana nuna layin tsaye, lambar kuma layin kwance), ya tura sojan layin g taku ɗaya, ya kwantar da bishof ɗinsa a g2. A nan ne kayan aiki na farko ya nuna amfaninsa, wato taskar buɗe wasa. Idan aka danna alamar littafi a ƙarƙashin allo, sai a ga jerin takun da gwanaye suka taɓa yi daga daidai wannan matsayi, da yawan wasannin da aka buga da kowanne, da kason da farare suka ci, da na baƙaƙe, da na canjaras. Taskar manyan 'yan wasa ta ƙunshi wasannin gaba da gaba na waɗanda makin ƙwarewarsu a FIDE, hukumar darar ta duniya, ya kai 2200 zuwa sama, tun daga 1952. Abin da ya fi daɗi a cikinta shi ne kallon yadda adadin wasannin yake raguwa da kowane taku, daga dubbai zuwa ɗaruruwa zuwa 'yan ƙalilan, har a zo inda jerin ya ƙare, ka san cewa an fita daga abin da aka rubuta, kowa ya koma ga abin da ya shirya a gida ko abin da kansa ya ba shi. Idan ka haɗa wannan da agogo, za ka gane wanda yake cikin shirinsa da wanda aka fitar daga nasa, domin mai tafiya a kan abin da ya haddace ba ya daɗewa, wanda aka shammata kuwa sai ya zauna minti ashirin ko fiye a kan taku guda. A ganina wannan haɗi na taska da agogo shi ne mafi amfani a rabin farko na kowane babban wasa, kuma shi ne abin da sababbin masu kallo suka fi wucewa ba su duba ba.

Kayan aiki na biyu shi ne injin nazari, Stockfish, wanda shi ma kyauta ne kuma masu aikin sa-kai suke gina shi. Lichess yana kunna shi a cikin wayarka ko kwamfutarka, ba a wata na'ura ta nesa ba, sai dai idan wani ya riga ya yi zurfin lissafin wannan matsayi an ajiye, to sai a nuna maka ajiyayyen. Sakamakonsa yana fitowa a lamba da kuma wata doguwar sanda a gefen allo, rabi fari rabi baƙi, wadda take hawa da sauka gwargwadon wanda yake da rinjaye. Lamba mai alamar ƙari tana nufin farare ne a gaba, mai alamar ragi baƙaƙe, sifili kuma daidaito. A da ana fassara 1.0 da cewa rinjayen soja ɗaya ne, amma tun daga fitowar Stockfish 15.1 a ƙarshen 2022 aka daidaita lambar ta koma nufin matsayin da injin yake da rabin damar cinsa idan ya kara da irinsa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kuma ba a rubuta shi kusa da sandar ba, don haka har yanzu mutane da yawa suna karanta lambar da tsohuwar ma'anarta.

Tun da na'urarka ce take yin lissafin, ƙarfin abin da za ka gani ya dogara da ita. Ƙaramar waya ba za ta yi zurfin da kwamfuta mai ƙarfi za ta yi ba, za ta yi zafi, batirinta kuma zai sauka da sauri idan aka bar injin a kunne tsawon wasa. Wannan ba aibin dandalin ba ne, farashin kyautar ne, amma ya kamata mai waya ya sani kafin ya zauna kallon wasan awa biyar babu wuta a kusa.

A tsakiyar wasan Ding ya samu ɗan matsayi mai daɗi, sannan ya zaɓi ya sauƙaƙa al'amura. A taku na 26 ya tura sojan layin a gida biyu, Gukesh ya cinye shi da cin wucewa, wato dokar da ta ba soja damar cin sojan da ya yi gida biyu ya gifta shi, Ding ya rama da hasumiya. A taku na 29 ya miƙa sojan b, aka yi musayar sarauniyoyi a na 30, sannan aka yi musayar hasumiya ɗai-ɗai. Abin da ya rage a allo shi ne kowa yana da sarki da hasumiya da bishof mai tafiya a fararen gidaje, Gukesh yana da sojoji uku, Ding yana da biyu, dukansu a gefen sarki. Duk ɗalibin da ya karanta ƙarshen wasa ya san cewa irin wannan matsayi canjaras ne idan mai karewa bai yi sake ba, kuma abin da Ding ya dogara da shi ke nan sa'ad da ya ba da sojan da gangan. Sandar Lichess ta amince da shi, ta zauna kusa da tsakiya ba ta motsi, kuma ta ci gaba da zama a nan taku bayan taku.

A nan ne babban ƙorafina yake, kuma ƙorafi ne a kan sandar kanta, ba a kan Lichess shi kaɗai ba, tun da duk manyan shafuka irinta suke amfani da ita. Lambar da ke kusa da sifili tana faɗa maka cewa ana iya tsallake rafin, amma ba ta faɗa maka ko gada ce aka shimfiɗa ko azara guda ce aka gitta ba. Matsayin da kowane taku a cikinsa yake kaiwa ga canjaras da matsayin da taku ɗaya ne kacal yake tsira, duka biyun lamba ɗaya injin yake ba su. Mai kallon da ya dogara da sandar a wasa na 14 zai ɗauka cewa tun daga taku na 32 an gama magana, saura a yi musafaha. Amma abin da yake faruwa a zahiri daban ne. Gukesh ba shi da abin da zai rasa, yana iya jujjuya 'ya'yansa yana gwada dabaru iri-iri har sai dokar taku hamsin ta tsayar da shi, wadda take ba da damar neman canjaras idan aka yi taku hamsin ba a ci ɗa ba kuma ba a motsa soja ba. Ding kuwa dole ya sami amsa kowane lokaci, bayan kusan mako uku yana cikin wannan gasa, agogonsa kuma yana ta raguwa. Tsarin lokacin shi ne minti 120 na taku 40 na farko, sai ƙarin minti 30 na ragowar wasan, da daƙiƙa 30 da ake ƙarawa a kowane taku daga na 41. Zuwa lokacin da aka shiga taku na hamsin da 'yan kai, Ding yana da kimanin minti goma, Gukesh yana da kimanin awa guda. Wannan gibin yana nan ƙuru-ƙuru a shafin, a sama da ƙasan allo, sai dai ido ya fi saurin zuwa ga sandar.

Adalci ne a ce Lichess yana da maganin wannan, sai dai a ɓoye yake cikin saituna. Ana iya umartar injin ya nuna layi har biyar maimakon ɗaya, wato takun da ya ga sun fi kyau, kowanne da lambarsa, kuma da zarar ka yi haka sai ka ga faɗin hanyar da idonka. Idan layuka biyar ɗin duk suna kusa da sifili, mai karewa yana cikin yalwa. Idan na farko ne kawai yake sifili, na biyu ya faɗa can ƙasa, to ɗan wasan yana kan siraɗi ko da sandar ba ta motsa ba. Akwai kuma maɓallin da ke nuna barazana, wanda a kwamfuta harafin x ne, yana nuna maka abin da abokin hamayya zai yi da za a ba shi taku biyu a jere. Da ni ne mai tsara shafin, da layi uku zan sa ya zama abin da kowa yake fara gani, domin lamba guda tilo tana koya wa mai kallo raina aikin mai karewa.

Yanzu ga wurin da wasan ya karye, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan an yi musayar soja ɗai-ɗai a taku na 46, Ding ya rage da soja guda a g3, Gukesh yana da biyu a f5 da g4. Bishof ɗin Ding yana zaune a b7 tun taku na 44. A taku na 52 Ding ya ɗauke hasumiyarsa daga layin b ya kai ta a4, Gukesh ya sa tasa hasumiyar a b2 ta kalli bishof ɗin, Ding ya janye shi zuwa kusurwa, a8. Wannan taku bai ɓata komai ba a lissafin inji, sandar ba ta ko girgiza ba. Amma a b7 bishof yana da hanya biyu, doguwar da ta ratsa allo zuwa h1 da gajeriyar da ta bi a6 da c8, a kusurwa kuwa hanya ɗaya ce ta rage masa. Sai sarkin Gukesh ya taho f6, hasumiyar Ding ta koma f4, sarkin ya ƙarasa e5. A taku na 55 Ding ya sauko da hasumiyarsa f2 yana neman musaya. Tunaninsa ba na banza ba ne, domin idan hasumiyoyi suka fita aka bar bishof da bishof, canjaras ce mai sauƙi: duk ranar da Gukesh ya tura sojan f aka yi musaya, soja ɗaya ne zai rage masa, Ding ya sadaukar da bishof ya cinye shi, kuma sarki da bishof su kaɗai ba sa iya kama sarki. Abin da ya manta shi ne inda bishof ɗinsa yake tsaye. Gukesh ya ci hasumiyar, Ding ya rama da sarki, sai Gukesh ya ajiye bishof ɗinsa a d5, sarkinsa yana kare shi. Bishof ɗin da ke a8 ba shi da wurin zuwa sai b7 ko c6, kuma duka biyun suna bakin na d5. Dole aka yi musaya. Saura sarki da soja ɗaya gaban sarki da sojoji biyu. Ding ya kai sarkinsa e3, Gukesh ya mayar da nasa e5 suka fuskanci juna, taku kuma na Ding ne, duk inda ya kauce ya buɗe hanya. A nan ya miƙa hannu, a taku na 58. Gukesh ya ci gasar da maki bakwai da rabi a kan shida da rabi, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambin duniya da kowa ya amince da shi, ya shafe tarihin Garry Kasparov da ya karɓa yana da shekara 22 a 1985.

A kan wannan ɗan yanki na wasan Lichess ya yi aikin da ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ana iya tsayar da allon a taku na 55, a ɗauki hasumiyar Ding da yatsa a mayar da ita a4 maimakon f2, a ga injin ya tabbatar cewa wasan yana nan daram. Ana iya gina matsayin a allon gwaji, a mayar da bishof b7, a sake yin musayar hasumiyoyi, a ga da ido cewa yanzu idan aka kawo masa hari daga d5 yana sulalewa ta a6 ko c8. Kuma akwai abin da ya fi injin ma, wato kundin ƙarshen wasa. Wannan lissafi ne cikakke na duk matsayin da 'ya'yan da ke allo ba su wuce bakwai ba har da sarakuna, wanda ake kira Syzygy, kuma girman na 'ya'ya bakwai ya haura terabait 16, abin da babu mai ajiye shi a waya. Lichess yana ajiye shi a na'urorinsa ya buɗe wa kowa. Kafin taku na 55 'ya'ya tara ne a allo, kundin bai kai nan ba. Da aka yi musayar hasumiyoyi suka koma bakwai daidai, sai kundin ya karɓi magana daga hannun inji, ya jera duk takun da baƙaƙe suke da shi, ya rubuta a gaban kowanne ci ne ko canjaras ko faɗuwa. Wannan ba ƙiyasi ba ne, hukunci ne da ba ya canzawa.

Wanda yake son ganin iyakar amfanin kundin, sai ya buɗe wasa na 6 na gasar Dubai ta 2021 tsakanin Magnus Carlsen da Nepomniachtchi, wanda ya kai taku 136, ya zama mafi tsawo a tarihin gasar kambin duniya, ya shafe tarihin taku 124 na Korchnoi da Karpov a 1978. A ƙarshensa Carlsen yana da hasumiya da doki da sojoji biyu, Nepomniachtchi yana da sarauniya, 'ya'ya bakwai ke nan da sarakuna. Kundin ya nuna cewa canjaras ce har zuwa taku na 130, inda Nepomniachtchi ya kai sarauniyarsa e6 wasan ya kuɓuce masa. Idan ka bi takun ɗaya bayan ɗaya kana duba jerin, za ka ga yadda takun tsira suke raguwa a hannun mutumin da ya shafe fiye da awa bakwai a zaune. Wannan ne irin bayanin da nake so a ce sandar tana bayarwa a kowane matsayi.

Bayan wasa ya ƙare, shafin yana fitar da zanen tafiyar wasan gaba ɗaya, yana sa alama a kan takun da ya ɗauka rashin daidaito ne, ko kuskure, ko katoɓara. Na'urorin masu sa-kai ne suke yin wannan lissafi. Zanen wasa na 14 layi ne kusan a miƙe wanda ya faɗa rami farat ɗaya a taku na 55, kuma duk wanda ya kalle shi ba tare da ya bi wasan ba zai ce Ding ya zubar da kambi a banza. Irin wannan karatu ya yi yawa a ranar, har shugaban hukumar darar Rasha, Andrey Filatov, ya nemi a yi bincike yana zargin ganganci, shugaban FIDE Arkady Dvorkovich kuma ya yi watsi da zancen, yana mai nuna cewa kuskure ɓangare ne na kowane wasa. Ni dai abin da na gani shi ne cewa kuskuren taku na 55 yana da tushe a shawarar taku na 26 zuwa na 30, inda Ding ya zaɓi matsayin da shi kaɗai zai sha wahala a cikinsa, kuma injin bai sa wa waɗannan taku alamar katoɓara ba domin a wurinsa wahala ba ta da lamba. Ɗakin hira da ke gefen allo shi ma yana ƙara wannan matsala, tun da kowa a ciki yana da inji a hannu, kowa kuma ya zama malami. An yi sa'a ana iya rufe shi.

Inda Lichess ya fi rauni idan aka kwatanta shi da wasu shi ne muryar mutum. Yana saka tashoshin masu sharhi a cikin shafin gasa, yana kuma wallafa rahoto da nazarin manyan wasanni, amma asalin abin da yake bayarwa allo ne da kayan aiki, ba kallon talabijin ba. Fuskar Gukesh sa'ad da ya gane abin da ya faɗo masa, da yadda Ding ya dafe kai, waɗannan sai a bidiyon FIDE ko na Chess.com ko na ChessBase India. Haka kuma bayanin babban gwani da zai ce maka wannan matsayi yana da sauƙi a ido amma yana da wuyar bugawa, shi ne ainihin abin da inji ba ya iyawa. Sharhin da ake samu galibi da Turanci yake, kuma jerin takun yana zuwa da haruffan da aka saba rubuta wasa da su ko da ƙananan hotunan 'ya'yan, don haka sabon shiga yana buƙatar ya koyi sunayen gidajen allo 64 tukuna, abin da ba ya wuce zama ɗaya.

A gasar da ake buga wasanni da yawa lokaci guda kuwa, kamar Tata Steel da ake yi kowace Janairu a Wijk aan Zee, ko gasar ƙasashe ta Olympiad irin wadda aka yi a Budapest a Satumbar 2024 Indiya ta kwashe zinaren maza da na mata, dandalin yana jera alluna da yawa a fuska ɗaya, kowanne da 'yar sandarsa. A nan sandar tana da amfani na gaskiya, domin tana nuna maka allon da wuta ta kama ka je can. Ta nan ne kuma mutum zai iya bin wasannin 'yan ƙasarsa waɗanda masu sharhin bidiyo ba sa waiwaya. A lura dai cewa wasu gasa suna jinkirta watsa taku na wasu mintuna da gangan don toshe hanyar maguɗi, saboda haka idan allo ya yi jinkiri ba lallai laifin intanet ba ne.

Shawarar da zan ba wanda zai fara amfani da shi ita ce ya kashe injin da sandar yayin da ake wasa, ya bar allo da agogo da taskar buɗe wasa. Duk lokacin da ɗan wasa ya shiga dogon tunani, shi ma ya zaɓi nasa takun ya riƙe a ransa, sai an taka sannan ya kunna injin na ɗan lokaci da layi uku, ya ga inda nasa ya faɗa. Bayan wasa ya kwafe shi zuwa sashen nazari na dandalin, inda ake iya rubuta bayani a ƙarƙashin kowane taku, a zana kibiyoyi, a gayyaci abokai su yi aiki a kan allo ɗaya, ko ya sauke shi a fayil ɗin PGN, tsarin da ake adana takun wasa a rubuce, ya ajiye. Kuma kada ya wuce maɓallin da ke ba shi damar ci gaba da wasa da kwamfuta daga kowane matsayi. Ya ɗauki farare daga taku na 33 na wannan wasa, ya ba kansa minti goma, ya gwada riƙe canjaras ɗin da sandar ta ce yana nan. Ga mai koyarwa a kulob ko makaranta, matsayin da ke gaban taku na 55 darasi ne cikakke a kan bishof ɗin kusurwa da fuskantar sarakuna, kuma ana iya shirya shi a sashen nazari a tura wa ɗalibai ta WhatsApp ba tare da kowa ya biya komai ba.